Rabon Gona a Fuskar Kwamfuta

Duk wanda ya tashi a Shanono ya san cewa ƙasa ba ta ƙaruwa. Ka bar gari ka nufi Bagwai ko ka bi hanyar Gwarzo, gona ce ke bin gona, da wuya ka ga fili zaune babu mai shi. Iyaka kuwa ba abin wasa ba ce. Wani ya shuka gamba a gefen gonarsa, wani ya dasa itace, don kada garmar maƙwabci ta ci masa ko da kunya ɗaya. Idan magidanci ya kwanta dama ya bar 'ya'ya, gonar da a da take guda sai ta koma uku ko biyar, kowa ya tashi da ɗan tsiri. Wannan ƙarancin ne ya koya wa manomin yankin dabarar cusa abu da yawa a wuri kaɗan: gero da dawa a kan kunya, wake ko gyaɗa a tsakaninsu.

Masu ƙirƙirar manhajar kwamfuta sun shafe fiye da shekara 50 suna fama da irin wannan matsala. Fuskar kwamfuta, wadda wasu ke cewa sikirin, gona ce mai iyaka huɗu. Ba ta faɗaɗa. Amma masu neman wuri a cikinta ba su da iyaka: ga takardar da kake rubutawa, ga shafin intanet da kake bincike, ga kalkuleta, ga agogo, ga saƙon da ya shigo yanzu yana neman a gan shi. Kowanne daga cikinsu ana ba shi wani yanki mai kusurwa huɗu da ake kira taga, saboda ta nan kake leƙa abin da wannan aikin yake ciki. Daga nan ma manhajar Windows ta samo sunanta, domin ma'anar kalmar a Turanci ita ce tagogi.

Wataƙila wani ya ce ina ruwan ɗan sakandare da wannan. Ruwansa kuwa mai yawa ne. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar shiga manyan makarantu da takarda da fensir, ta koma kwamfuta gaba ɗaya. A farkon 2024 ita ma WAEC ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta ga masu zana ta a matsayin ɗalibai masu zaman kansu. Ɗalibin da ya yi shekara shida yana karatu da alli da littafi, wanda watakila bai taɓa zama gaban kwamfuta na cikakken awa guda ba, zai shiga ɗaki a ba shi awa biyu da tambaya 180. A wannan rana, sanin yadda aka raba fuskar da ke gabansa yana iya zama bambanci tsakanin wanda ya gama da wanda lokaci ya ƙure masa yana neman inda tambaya ta gaba take.

Dagacin tagogi

A cikin kwamfuta akwai wata manhaja da ba a cika ganinta ba, wadda aikinta kawai rabon fili. Masana na kiranta manajan tagogi. Ni dai dagaci nake ganinta. Ba ta noma gonar kowa, ba ta san abin da aka shuka a ciki ba. Ita dai ta san inda gonar kowa ta fara da inda ta ƙare, kuma idan baƙo ya zo ita ke nuna masa wurin da zai zauna.

Fuskar kwamfuta ta ƙunshi 'yan ƙananan ɗigo na haske da aka jera layi-layi. Yawancin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake sayarwa a kasuwanninmu suna da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye. Ka ninka su za ka samu sama da ɗigo miliyan ɗaya. Wannan ita ce gonar baki ɗaya. A wurin manajan tagogi, kowace taga ba komai ba ce illa lamba huɗu: nisanta daga gefen hagu, nisanta daga sama, faɗinta, da tsayinta. Idan ka kama saman taga da linzamin kwamfuta, wato maus, ka ja ta zuwa dama, lambar farko ce kawai ke canjawa. Idan ka kama kusurwarta ka buɗa ta, lambobi biyu na ƙarshe ne ke ƙaruwa. Wanda ya fahimci darasin lissafi na x da y a aji uku na ƙaramar sakandare ya riga ya fahimci rabin aikin.

Ɗaya rabin shi ne jeri. Manajan yana riƙe da jerin tagogin da ke buɗe, daga ta ƙasa zuwa ta sama. Idan zai zana su sai ya fara da ta can baya, ya zo yana ɗora na gaba a kanta, kamar mai shafa fenti da ke rufe tsohon launi da sabo. Idan kuma ka latsa linzami a wani wuri, sai ya bi jerin ta ɗaya ɓangaren, daga sama zuwa ƙasa, yana tambaya: wannan ɗigon yana cikin iyakar wannan taga? Ta farko da ta amsa e, ita ce ta samu latsin. Duk wannan yana faruwa kafin ka ɗaga yatsa.

Kafin a yi tagogi

A shekarun 1960 da 1970 kwamfuta ɗaki guda take cinyewa, kuma mutane da yawa ke amfani da guda ɗaya a lokaci ɗaya. Kowa yana zaune gaban wata na'ura da ake kira tamina, allon madannai ne da fuska kawai, ba ta da ƙwaƙwalwar kanta, waya ce ta haɗa ta da uwar kwamfutar. Wata da ta yi suna, VT100 ta kamfanin DEC da ta fito a 1978, layi 24 take nunawa, kowane layi harafi 80. Babu hoto, babu linzami. Ka ba da umarni, ka jira amsa, sannan ka ba da wani. In kana son duba wata takarda alhali kana cikin rubuta wata, sai ka rufe wannan ka buɗe waccan, ka haddace abin da ka gani, ka dawo.

Mutumin da ya fara nuna wa duniya cewa ba dole sai haka ba shi ne Douglas Engelbart, wani injiniya a cibiyar bincike ta Stanford da ke Amurka. Ranar 9 ga Disamba 1968, a birnin San Francisco, ya zauna gaban mutum kusan dubu ya yi minti 90 yana nuna abubuwan da ba su taɓa gani ba. A ciki har da linzami, da fuskar da aka raba gida-gida kowane gida yana nuna abinsa. Gidajen nasa ba sa hawa kan juna. Rabon gona ya yi, kowa da iyakarsa.

Wata dabarar ta daban ta fito ne daga cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto, inda a 1973 aka ƙera kwamfutar Alto mai fuska a tsaye kamar takarda. Ƙungiyar Alan Kay, wadda ta haɗa da Adele Goldberg da Dan Ingalls, ta yi tunanin teburin ma'aikaci. A kan tebur takardu hawa kan juna suke yi. Wadda kake aiki da ita tana sama, sauran suna ƙasa, gefensu yana leƙowa, in ka buƙaci ɗaya ka zaro ta. Sai suka sa tagogi su ma su riƙa hawa kan juna. Abin da ya kamata ku sani shi ne, yaran makaranta sa'anninku suna cikin waɗanda suka gwada wannan tsari, domin burin Kay tun farko shi ne kwamfutar da yaro zai iya sarrafawa.

Akwai wani labari da nake so game da abin da ya biyo baya. A ƙarshen 1979 Steve Jobs ya kai ma'aikatan kamfanin Apple ziyara wannan cibiya. Cikinsu akwai Bill Atkinson. Ya dawo da yaƙinin cewa ya ga tagar da ke ƙasa tana ci gaba da sabunta abin da ke cikinta duk da cewa wata ta rufe rabinta. Wannan aiki ne mai wuyar gaske ga ƙananan kwamfutocin wancan zamani, domin sai an lissafa daidai wane yanki na tagar ne ke bayyane. Tunda ya ɗauka wasu sun riga sun yi, sai ya duƙufa har ya gano hanyar yi. Daga baya ne ya ji cewa abin da ya gani a Xerox ba ya yin hakan. Dabarar tasa ta shiga kwamfutar Lisa ta 1983 da Macintosh ta 1984.

Rabo ko tari?

Tun daga nan masana suka kasu biyu, kuma har yau gardamar ba ta mutu ba. Wasu na ganin tagogi su hau kan juna, mai kwamfuta ya tsara su yadda ya ga dama. Wasu na ganin manaja ya raba fuskar da kansa, kowace taga ta samu rabonta, babu wadda za ta rufe wata.

Su kansu mutanen Xerox, da suka zo sayar da kwamfutar Star a 1981, sun lura da wani abu a gwaji: mutane suna ɓata lokaci mai yawa suna ja da tura tagogi, kuma galibi abin da suke nema shi ne kada su rufe juna. Sai suka hana manyan tagogin hawa kan juna. Windows ta farko, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a Nuwamba 1985, ita ma rabo take yi. Sai a ta biyu, a ƙarshen 1987, tagogi suka fara hawa kan juna. Watanni kaɗan bayan haka, a 1988, Apple ya maka Microsoft a kotu yana cewa an kwaikwayi kamannin fuskarsa. An yi shekaru ana shari'a, a ƙarshe Apple bai yi nasara ba. Rikicin iyaka ke nan, irin na masu kuɗi.

Bari mu auna tsarin rabo da lissafi, a kan fuskar nan mai 1366 da 768. Taga ɗaya ta cinye duka. Aka buɗe ta biyu, sai a tsaga fuskar biyu, kowace ta samu faɗin 683. Har yanzu ana iya karatu da rubutu ba takura. Aka buɗe ta uku, wata ƙa'ida da aka saba bi ita ce babbar taga ta riƙe rabin hagu, sauran biyun su raba rabin dama, kowace tsayin 384. Ta huɗu ta zo, tsayin ya koma 256. Kafin a kai ta bakwai, kowace daga cikin na dama ba ta wuce 128 ba, wato 'yan layuka kaɗan. Gadon da magada suka yi wa yawa ke nan: kowa yana da nasa, amma ba mai iya cika rumbu da shi.

Tsarin tari ba shi da wannan matsala, domin kowace taga tana iya yin girman da take so. Matsalarsa ɓata. Wanda ya taɓa zama kusa da sabon koyo ya san wannan firgici: ya taɓa wani wuri bisa kuskure, takardar da ya yi awa guda yana bugawa ta ɓace, ya dafe kai yana salati. Alhali ba ta je ko'ina ba, wata taga ce ta hau kanta. A 1986 wasu masu bincike biyu na Xerox, Sara Bly da Jarrett Rosenberg, sun gwada tsarin biyu a kan mutane. Sun gano cewa a aikin da abin cikinsa ya dace da gidajen da aka raba, rabo ya fi sauri. A aikin da ke buƙatar a yi ta gyara girman taga kuwa, tari ya taimaki ƙwararru, amma ya jinkirta waɗanda ba su saba ba. A ganina wannan sakamako ya fi shafar mu fiye da waɗanda aka yi gwajin a kansu, domin yawancin ɗalibanmu cikin waɗanda ba su saba ba suke, ba don gazawa ba sai don ƙarancin kwamfutar da za su saba da ita.

Wasu masana a jami'ar MIT sun ƙi ɗaukar ɓangare. Tsarin X da Bob Scheifler da Jim Gettys suka fara a 1984 ya ware aikin zana tagogi daban, aikin tsara su daban. Manajan tagogi ya zama manhaja mai zaman kanta da za ka iya cirewa ka sa wata, kamar a sauya dagaci gonaki suna nan inda suke. Saboda haka mutane suka yi ta rubuta nasu. Tom LaStrange ya rubuta twm a 1987. Wani mai suna dwm da ya fito a 2006, masu shi sun ɗaukar wa kansu alkawarin kada rubutunsa ya wuce layi 2000, don mutum ɗaya ya iya karanta shi duka ya gane. Michael Stapelberg, wani Bajamushe, ya fitar da i3 a 2009. Duka kyauta ne, kuma suna gudu lafiya a kan tsohuwar kwamfutar da aka sa wa Linux, irin wadda sabuwar Windows ke yi wa nauyi.

Manyan kamfanonin ma a ƙarshe sulhu suka yi. Tun daga Windows 7 ta 2009, idan ka ja taga ka buga ta a gefen hagu ko dama, sai ta cika rabin fuska daidai. Da madannai ma ana yi: ka riƙe madannin da ke da tambarin Windows ka danna kibiyar hagu ko ta dama. Ka riƙe Alt ka danna Tab kuma, sai jerin duk tagogin da ke buɗe ya bayyana, har da wadda ka ɗauka ta ɓace. Duk ranar da kuka samu shiga ɗakin kwamfuta na makaranta ko shagon intanet, waɗannan biyun ku fara gwadawa.

Wace taga ce ke jin ka?

Akwai hukunci guda da ya fi rabon fili muhimmanci, kuma shi ne aka fi mantawa. Tagogi na iya kai goma, amma allon madannai ɗaya ne. Idan ka danna harafi, wace taga ce za ta karɓa? Manajan tagogi ne ke yanke wannan. A kowane lokaci taga ɗaya ce tak ke sauraro, kamar yadda a fada mutum ɗaya ake ba dama ya yi magana. Yawanci ana gane ta da launin samanta da ya fi na sauran fitowa, da kuma ɗan sandan nan mai ƙyaftawa a wurin rubutu.

Hanya biyu aka fi bi. A Windows da Macintosh sai ka latsa taga kafin ta fara jin ka. A wasu manajoji na X kuwa, duk tagar da kibiyar linzami ke kanta ita ke ji, ko ba ka latsa ba. Ta biyun ta fi sauri ga wanda ya saba, amma gwiwar hannunka ta ture linzami kaɗan, sai rubutunka ya zube a gonar wani.

Na taɓa ɗanɗana wannan a wani shagon intanet a Kano. Ina buga kalmar sirrin imel ɗina, idona a kan madannai domin a lokacin ban iya bugu ba tare da kallo ba, ashe wata taga ta tattaunawa ta buɗe kanta ta karɓe sauraron. Da na ɗago, ga kalmar sirrina ɓaro-ɓaro a wurin rubuta saƙo, saura in danna aikawa. Masu ƙirƙirar manhaja suna kiran wannan satar sauraro, kuma manaja mai kyau yana hana shi: sabuwar taga ta tsaya a ƙasa tana ƙyafta, ta jira a kira ta.

Yanzu mu koma ɗakin jarrabawa. Waɗanda suka tsara fuskar jarrabawar kwamfuta sun san duk waɗannan matsaloli, shi ya sa suka zaɓi rabo tsantsa, rabon da ba ya motsi. Sunayen darussanka huɗu suna wuri ɗaya, agogon da ke ƙirga sauran lokaci yana wurinsa, tambaya da zaɓin amsa suna tsakiya, lambobin tambayoyi suna jere don ka iya tsallakawa ka dawo. Ba za ka iya buɗe wata taga ta daban ba, an kulle wannan da gangan. Turanci tambaya 60 ne, sauran darussa uku 40 kowanne, kuma kwamfutar ba za ta kai ka darasi na gaba don kanta ba idan ka zauna kana jira. Ɗalibi na iya gama Turanci ya ɗauka ya kammala, alhali tambaya 120 na nan a bayan sunayen da bai taɓa ba.

Saboda waɗanda hannunsu bai saba da linzami ba, JAMB ta sa ana iya yin jarrabawar da 'yan madannai kaɗan: A, B, C da D don zaɓar amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Ka kula da S ɗin nan. Idan ka taɓa shi, wata ƙaramar taga za ta fito tana neman tabbaci, kuma daga lokacin ita ce ke jin ka, ba tambayoyin ba. Kada ka danna komai sai ka karanta abin da ta ce. Haka kuma ka karanta bayanin da ke fitowa kafin a fara, domin shi ne hukunci a ranar, ba abin da wani ya gaya maka a gida ba. Wanda ya samu halin zana jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske, kuɗin motar da ya kashe bai tafi a banza ba.

Baƙar fuska ba ta mutu ba

Masu kula da manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da bayanan bankuna har gobe da rubutu zalla suke yawan aiki, a baƙar fuska irin ta tamina. Su ma suna da nasu manajojin. Screen ta fito a 1987 daga hannun Oliver Laumann a Berlin, tmux kuma Nicholas Marriott ya fara ta a 2007. Suna tsaga fuskar rubutu gida biyu ko huɗu. Amma babban amfaninsu ga mai aiki daga wuri irin namu shi ne wannan: aikin yana zaune ne a kan kwamfutar can nesa. In sabis ya yanke ko aka ɗauke wuta a wurinka, tagoginka na nan suna aiki. Ka dawo bayan awa uku ka sake haɗawa, ka tarar da su yadda ka bar su.

A aljihunka

Ga yawancin matasan Shanono, kwamfutar farko ita ce waya, tasu ko ta yaya ko ta baba. Fuskarta ta yi ƙanƙanta da rabo, don haka manajanta ya ɗauki hanya mafi sauƙi: wanda ke aiki ya karɓi gonar duka, sauran su jira a bayan fage. Sai a 2016, da Android 7 ta fito, raba fuska biyu ya zama na kowa, ko da yake wasu wayoyin Samsung sun riga yin haka, wasu ƙananan wayoyi kuma har yanzu ba su da shi. In taka tana yi, buɗe jerin manhajojin da ka yi amfani da su kwanan nan, ka taɓa tambarin ɗaya, za ka ga zaɓin raba fuska. Littafin da malami ya turo a sama, wurin rubuta amsa a ƙasa.

Wani abu da ke ba mutane haushi shi ma hukuncin tsarin wayar ne. Kana cike fom a intanet, ka fita ka je duba lambar da aka turo maka ta saƙo, ka dawo ka tarar shafin ya fara daga farko. Abin da ya faru shi ne ma'ajiyar aiki ta wayar ta cika, sai tsarin ya kori wanda ke bayan fage don na gaba ya samu wuri. Wayar da ma'ajiyarta ke da ƙaranci ta fi yin haka. Maganinsa ka rufe sauran manhajoji kafin ka fara, ka kuma karanta lambar daga sanarwar da ke saukowa daga sama ba tare da ka bar shafin ba.

A gaskiya ita kanta ƙwaƙwalwar kwamfuta, kowane sashe nata aiki ɗaya yake yi a lokaci ɗaya. Tsalle take yi daga wannan zuwa wancan, tana ba kowanne ɗan mitsitsin lokaci da bai kai ƙyaftawar ido ba, sai mu ga kamar duk tare suke tafiya. Ita tsallen ba ya ci mata komai sosai, domin tana ajiye inda ta tsaya daidai, ta dawo ta ɗora. Mu ba haka muke ba. Ku gwada a aji: wani ya riƙe agogo, ka rubuta haruffa daga A zuwa Z, sannan lambobi daga 1 zuwa 26. A karo na biyu ka gauraya su, A1, B2, C3, har ƙarshe. Yawan rubutun ɗaya ne, amma yawancin mutane sun fi daɗewa a karo na biyu, kuma a nan ne suke yin kuskure. Don haka raba fuska yana amfani idan gidajen biyu aiki ɗaya suke yi wa hidima, kamar littafi da wurin rubutu. Littafi a sama, WhatsApp a ƙasa kuwa, gero ne aka shuka tare da wuta-wuta.

Wanda ke sha'awar wannan fanni ba sai ya jira ya mallaki kwamfuta ba. Takarda guda daga tsakiyar littafin lissafi mai gida-gida ta isa fuska. A yayyanka wasu ƙananan takardu a rubuta musu suna: littafi, kalkuleta, agogo, saƙo. Mutum ɗaya ya zama manaja, ya rubuta ƙa'idojinsa tun kafin a fara: ina sabuwar taga za ta sauka, wa zai matsa mata, wa zai gaji filin wadda aka rufe, wace ce ke sauraro bayan an rufe mai sauraro. Sauran su riƙa ba da umarni, buɗe wannan, rufe waccan, shi kuma ba shi da ikon yin komai sai abin da ya rubuta. Kafin a kai umarni na goma, za a zo wurin da ƙa'idojin ba su ce komai ba, sai a tsaya a yi gardamar wace za a ƙara.